Ƙusa Ɗaya

Ranar da mai gida ya miƙo makulli
ya ce, "Ban da buga ƙusa a bango."
Na ce to.
Ɗan haya ai bai da amsar da ta wuce to.

Ciki da falo a Rikkos, bayan injin markaɗe.
Waɗanda suka tashi sun bar mini gado:
baƙin hayaƙin fitila a silin,
da layukan biro a jikin ƙofa
inda aka riƙa auna tsawon wani yaro
da ban san sunansa ba.

Makon farko kwanan tasha na yi,
kayana a ɗaure.
Sanyin Jos na kutsowa ta ƙasan ƙofa, ba sallama.
Na toshe masa baki da tsohon zanen Inna.

Na shuka na'ana'a a fasasshen bokitin fenti.
Maman Nanret ta aiko da gwate,
na mayar mata da kwanonta cike da ɗanwake.
Ƙamshin daddawa ya kama labule.
Na gano ƙofar bayi
sai an ɗaga ta kaɗan take rufuwa.

Jiya Nafi'u ya jingina da ƙofar nan.
Ya zarce yaron da yatsa biyu.
Na ja masa nasa layin.

Da la'asar na ɗauko dutse, don ba ni da guduma,
na buga ƙusa ɗaya
na rataye agogon Baba.

Kuɗin haya zai ƙare a watan uku.
In ya zo karɓa, ya ɗaga kai ya duba lokaci.