Kabad ɗin Tsiala

Ƙarti uku suka hau da shi bene hawa huɗu
a tsohuwar unguwar Sololaki,
matakala na kuka kamar mai ciwon gwiwa.
Kabad ɗin kakata Tsiala ne,
baƙin katako, nauyi kamar bashi.

Otar ya tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu.
Shi ya auna ɗakin nan da igiyar awo,
ya zaɓi farar kujera marar hannu,
da teburin gilashi mai ƙafar zalɓe,
da fitilar da ke kamawa in ka tafa mata.
Ya ce, "Nestan, ai giwa kika kawo akurki."
Na ce, "To, kaji su matsa."

Kwana tara ba a ga maciji,
ba ni da Otar ba, kayan ɗakin nake nufi.
Gilashi na kallon rufi,
kabad ya haɗe rai a kusurwa
kamar baƙon da ba a ba ruwa ba.

Ran na goma hantsi ya leƙo ta baranda,
ya haska inabin da aka sassaƙa a goshin kabad,
sai ga shi kwance a fuskar gilashi,
nono-nono, har da ganye,
kamar yanzu aka tsinko.

Otar ya daɗe yana kallo.
Ya ja farar kujerar taki biyu.
Da dare na ji shi yana goga kyandir
a aljihun ƙasa mai cijewa.
A ciki: maɓallai cikin gwangwanin shayi,
warin kafur,
tikitin jirgin ƙasa zuwa Batumi
wanda ba a taɓa hudawa ba.

Da ya ɗauko maburgi zai huda bayansa
don wayar caji ta samu hanya,
na yi tsalle na tare, har muryata ta dushe.
Muka juya kabad ɗin don in nuna masa
katakon da hannu bai taɓa ɓatawa ba.

Sai ga huda.
Tsohuwa, karkatacciya, bakinta ya yi santsi.
Nan wayar rediyonta ta bi,
lokacin da rediyo ne sabon shiga,
wata tsohuwar kuma ke hararar ta.

Ban ce uffan ba.
Na karɓi wayar daga hannunsa,
na zura.
Ta wuce ba gardama.