Kwalbar Kan Taga

A kan tagarmu ta Agege, gefen tukunyar ruwa,
akwai kwalbar da ta taɓa zama gidan zuma.
Yanzu gari da ruwa ke kwana a ciki
suna numfashi.
Na raɗa mata suna Tabawa.

Likitan Idi-Araba ne ya jawo mana ita.
Ya dubi takarda, ya dubi Baba,
ya ce suga ya hau,
burodin nan mai laushin katifa a yi masa sallama.
Baba, da ya shekara talatin
yana tsoma shi a shayin Ɗanlami bakin titin jirgi,
bai ce uffan ba har muka sauka daga danfo.

Sai na koyi kiwon abin da ba shi da ƙafa.
Cokali uku na garin alkama, ruwa mai ɗumi,
safe da yamma, kamar mai goyo.
Rana ta shida ta yi kumfa,
ta wuce zaren da na ɗaura mata a ƙugu,
ƙamshinta tsakanin kindirmo da kamu.
Burodin farko ya fito da ɓawo kamar bayan kunkuru.
Baba ya tauna, ya tauna,
ya ce, wannan ai hukunci ne,
ya miƙo hannu a ƙara.
Na ce yanka biyu aka yarje maka,
kuma ba ta maye gurbin ƙwaya ba.

Sannan damina ta sauka irin ta Ikko,
bango na gumi, takalmi na tsiro a ƙarƙashin gado.
Aka ɗauke wuta kwana huɗu,
firji ya koma akwati,
ni kuma ina asibiti, ƙafar Baba ta kumbura.

Da muka dawo na buɗe murfi.
Baƙin ruwan saman bai tsorata ni ba,
wannan yunwa ce, na san fuskarta.
Amma ga wani jan zane a gefe kamar jan-baki,
ga fumfuna kore mai gashi ta kafa sansani.

Baba ya leƙo ta kafaɗata.
Kwashe saman, ya ce, ƙasan lafiya lau,
wuta ba ta barin komai da rai.
Na ce, abin da ido ya gani a sama
saiwarsa ta riga ta kai gindi,
kuma ba zan ba ka wata jinyar da hannuna ba.

Wata bakwai na juye a kwata.
Ruwan sama ya tafi da ita wajen lagun.
Na dafa kwalbar har sau biyu,
na kife ta, na zauna.

Da magariba aka ƙwanƙwasa.
Iya Risikatu ce ta ƙasan bene,
riƙe da robar man shanu.
Na manta sarai, tun watan azumi
na ɗiba mata ludayi guda.
Ta ce da guntuwar Hausarta,
ɗiyar Tabawa ce, ta zo gaida gida.

Yanzu dare ya raba, janaretoci na gardama.
Daga ɗaki na ji muryar Baba:
Uwani, ta tashi kuwa?
Na haska tocila.
Ta kusa taɓa zaren.