Kwalba ta Bakwai

Rana ba ta gama wanke fuska ba
na jingine babur a gindin darbejiya.
Meskin na tsakanin barci da farkawa,
gonar albasar Baba Hamajoda kuwa ta riga ta sha ruwa.

Bututu tara muka binne a nan bara.
Lizimita, in ji takardun ofis;
yaran unguwa "hancin ƙasa" suke kiransu.
Kowanne da ƙoƙon tangaran a gindinsa,
can inda saiwa ta gaji ta tsaya.
Shekaranjiya na zuƙe iskar cikinsu da famfon hannu,
na toshe bakin, na tafi,
na bar ƙasa ta yi shawara da kanta.

Ƙasa ba a yi mata gaggawa.
Ɗigo-ɗigo take bayarwa,
kamar mai auna man gyaɗa ranar da kasuwa ta ƙi.

Na farko ya ba ni rabin kofin shayi.
Na biyu ko ɗis,
ɓera ya gwagwiye tiyon.
Na rubuta "fanko" a littafi,
don alƙalami ba ya haifar da ruwa.
Sirinji, kwalba, lamba, ƙarfe nawa, zurfi nawa,
sai cikin kula, kan ƙanƙarar da na saya da dala ashirin.

A na bakwai inuwarsa ta faɗo kan hannuna.
Ya ɗaga kwalbar, ya haska ta da rana.
"Garau yake, ɗana. Me ka ɓatar a ciki?"

Na ce, Baba, takin buhun nan
ba duka albasa ke cinyewa ba.
Ragowar gangarawa take, ba ƙafa, ba launi,
tana bin ban-ruwa ƙasa ƙasa.
Ban ƙara ba.
Idona ne ya yi suɓutar baki,
ya tafi ga rijiya, taku talatin daga nan,
inda jikarsa Jebba ke jan guga
da igiyar da ta fi ta nauyi.

Ya daɗe yana murza ganyen albasa a yatsu.
"In kun gano, Yawunde za ku faɗa wa.
Ni wa zai faɗa mini?"

Takardar aiki ba ta da gurbin wannan tambaya.
Na juya kwalbar,
a bayan lambar na sa sunansa da ƙananan baƙi,
don mai farar riga a ɗakin gwaji ya san
akwai mai jira.

A hanyar Marwa na bi ta bakin mayo.
Ba kogi, sai rairayi,
mata sun tona ramuka suna kwarfar abin da ya taru.
Na rage gudu.
A bayana kwalabe takwas na ƙwanƙwasar juna,
ƙanƙara na narkewa,
ni kuma da sauran ƙauye biyu kafin azahar.