Cikin Silin

Sallau, miƙo min tocila,
ka danne tsanin nan da kyau.
Silin ɗin Mama Risikatu zan shiga,
bayan layin dogo, Ebute-Meta.

Nan sama babu tsayuwa.
Rarrafe ake, kamar ɗan wata bakwai,
gwiwa a kan katako, katako kawai.
Wanda ya taka allon silin
a tukunyar masu gida zai sauka.
Kwano ya sha rana tun hantsi,
gumi na ɗiga a kan filaya,
iskar teku ta cinye ƙusoshi.

Jiya na sare bango da guduma da cizal,
na binne bututu, na shafe da siminti.
Yau sai zira ƙarfen ja.
Ya tafi, ya tafi, ya cije a kwana.
Ba a yi masa ƙarfi.
Marigayi Oga Lamidi ya koya mini:
ja da baya kaɗan, murɗa, shafa sabulu,
lallaɓa shi kamar akuya a bakin kwalbati.

Sallau, ka ga kansa ya leƙo?
Ɗaura ja, ɗaura baƙa, kar ka manta koriya,
naɗe da salatif, kar ya yi ƙulli.
Ni in ja, kai ka saki.

Da magariba za a danna makunni,
yara su yi sowa.
Ba wanda zai ga inda na bi.
Mu kuwa mu hau danfo sai Agege,
ɗakinmu, inda yau kwana tara
ba a kawo wuta ba.