An Kwana Lafiya

Ɗakina shi ne na sha ɗaya, a sama,
tagarsa na kallon ƙofar gida da rabin layin Tudun Wada.
Ban zaɓe shi don tsegumi ba.
Shi ne mai araha, don rufinsa na yoyo.

A ƙofa akwai benci, akwai Baba Jatau,
da tocilar da batirinta ya mutu tun jarrabawar bara,
da gorar da ta koma maratayin buta,
da littafi mai baƙin bango
inda kowace safiya yake rubuta kalma uku:
An kwana lafiya.

Daren Talata aka ɗauke wuta, ƙarfe ɗaya saura.
Ina bitar lissafi da hasken waya
sai katanga ta yi tari,
kwalaben da aka dasa mata suka zube kamar haƙoran tsoho.
Mutum biyu suka diro,
ɗaya da adda, ɗaya da buhun da ba komai ciki.
Na gaba ya tsallake ƙafar Baba
cikin ladabi, kamar mai ƙetare sahu a masallaci.

Rediyo na surutu a ƙirjinsa,
minshari na ba ta amsa.

Da ƙofar Rifkatu suka fara.
Kwamfutar da cittar uwarta ta saya daga Kachia,
aikin shekarar ƙarshe a ciki, babi huɗu, saura ɗaya.
Na ji ta ce, "Ku bar min abin da na rubuta."
Na ji marin.
Mari ba ya buƙatar fitila.

Sai ɗakin Shamwilu: waya, takalmi, tukunyar gas,
har waken da ya jiƙa don gobe suka kifar.

Sajan kuwa, abokin aikin Baba,
mai cewa ya yi yaƙi amma bai taɓa faɗin a ina ba,
ya tafi teburin mai shayi tun goma
da makulli a aljihu.
Mu ya kulle.

Ni fa?
Ina da murya. Ina da usur ma, rataye a ƙusa,
wanda aka raba mana da lemo ranar taron tsaro.
Na kife wayata a katifa kada haske ya tona ni.
Da babur ya haska layi na ga fuskar mai buhu:
ɗan ɗaki na huɗu,
wanda ya ara mini dutsen guga ranar Juma'a.

Da safe mai gida ya iso, turare na gaba yana biye,
ya ce kuɗin tsaro zai ƙaru.
'Yan sanda suka ce a kawo na fetur.
Baba ya rantse bai runtsa ba,
shatin benci kwance a kumatunsa.
Can a bakin famfo ya ce mini ƙasa-ƙasa,
"Ɗana, wata huɗu ba albashi.
Da rana dako nake a Kasuwar Barci.
Idon nan guda biyu ne kacal."
Ban yi dariyar sunan kasuwar ba.

Aka tara mu a tsakar gida: wa ya ga wani abu?
Rifkatu ta bi fuskokinmu, leɓe a kumbure.
Ɗan ɗaki na huɗu ya fi kowa jajantawa.
Na dubi silifas ɗina.
Duk wanda ya faɗa, nan dai zai kwana,
bayan ƙyauren da shuri ɗaya ke buɗewa.

Yanzu in na wuce benci ina gaida Baba,
ba na iya hararar da sauran ke yi masa.
Shi barci ya sace. Ni idona biyu.

Jiya na leƙa littafin.
Shafin Laraba, da karkataccen rubutunsa, kalma ukun nan.
Biro na lilo a jikin zare, ba kowa a wurin.
Na ɗauka.
Na riƙe har ya yi ɗumi a hannuna.
Aka kira salla.
Na sake shi.