Tsirkiyar Bohdana

Shekara ashirin da uku ina ɗaura mata tsirkiya.
Ba ni na koya mata bugu ba.
Bangon rumbun kwal ne malaminta,
a Karviná, bayan benen ma'aikata,
inda ta ja layi da alli daidai tsayin raga.
Ruwa ya wanke, ta sake ja.

Ubanta Vojtěch yakan fito daga rami,
ido kaɗai ke fari a fuskarsa,
ya jingina da keke yana ƙirga:
ɗari, ɗari da ɗaya,
har duhu ya haɗiye ƙwallon.

Bahaguwa ce, ga taurin kai.
Kilo ashirin da huɗu take so, ba ƙari ba ragi.
Takan buga raket a tafin hannu, ta kai kunne,
ta ce, "Oldřich, wannan ta kwana."
Sai in tsinke, in soma daga fari,
ina gunaguni cikin gemu.

Kofi shida ta ɗaga.
Ta ci a ciyawa, ta ci a jar ƙasa
har safarta ta rine ta ƙi wankuwa.
Amma na bakwai nake tunawa,
wanda bai zo gida ba.
Saura bugu ɗaya.
Alƙali ya ce ƙwallon abokiyar karawarta ya fita.
Filin ya tashi da sowa.
Ita kuwa ta taka zuwa ga tabon,
ta duƙa, ta duba,
ta share shi da takalmi, ta ce, "Ciki ne."
Minti arba'in bayan nan ta faɗi.

Daren nan na same ta a ɗakin kaya
tana cin busasshen burodi, hawaye na jiƙa shi.
Na ce, da kin yi shiru.
Ta ce, "Wa zan yi wa shirun? Ni na gani."

Gwiwa ce ta sallame ta, ba wata 'yar wasa ba.
An rufe ramin. Vojtěch ya riga mu.
Da aka zo rushe rumbun
ta sayi bangon, bango kawai.

Yanzu da la'asar yara mata ke layi a gabansa.
Jiya wata mai giɓi, Květa,
ta karɓi raket daga hannuna,
ta buga a tafi, ta kai kunne,
ta harare ni.
Na ɗauko almakashi.