Ginshiƙai Uku

Ni ne Nemesio mai kwale-kwale,
a wannan gaɓa ta tsibirin Samar.
Peso ashirin in haye da kai,
babur hamsin, gawa kyauta.
Shekara sha takwas ke nan
da aka yi wa sana'ata ta'aziyya,
ga ta nan, ba ta mutu ba.

Ginshiƙai uku aka kafa tsakiyar ruwa.
Ranar an busa ƙaho, an ci an sha.
Mai Girma ya zo cikin farar riga,
ya riƙi shebur kamar jaririn wani,
ya ɗebi siminti sau ɗaya, aka ɗau hoto,
ya ce kafin kwakwa ta sake nuna
da ƙafa za mu haye.
Kwakwa ta nuna, ta faɗo, ta tsiro,
'ya'yanta ma sun yi 'ya'ya,
gada ba ta zo ba.

A shekarar aka haifi Jenalyn, jikata,
cikin jirgin nan, tsakanin ginshiƙi na biyu da na uku,
tocila a bakina, filafili a hannuna.
Cibiyarta da wuƙar fasa kwakwa aka yanke.

Consing kuwa, matata,
daren guguwa numfashi ya sarƙe mata.
Kogi ya cika ya batse, yana jan itatuwa.
Daga ƙofarmu ina hangen fitilun asibiti
kamar in miƙa hannu in taɓa.
Ita ba ta gan su ba.

Duk shekara uku, in Mayu ya kama,
sai ga su da shinkafa kilo biyar,
da ambulan, da riga mai fuskar ɗan takara.
Uba ya sauka, uwa ta hau,
uwa ta sauka, ɗa ya hau,
kujerar ko hucewa ba ta yi.
Na karɓa. Me zan ɓoye?
Tukunya ba ta jin wa'azi.
Shinkafar kwana shida ta yi,
ragowar kwana dubu da ɗoriya muka biya.
Rigar na yaga na toshe ɓular jirgi.
Nan ne kaɗai fuskarsa ta taɓa tare mana ruwa,
shi ma ba da saninsa ba.

Bana Jenalyn ta yi rajista.
Ita da ƙawayenta suna bi gida-gida
da wata takarda da suka ciro a waya.
Ta karanta mini a bakin ruwa:
ashe an gama gadar tuntuni,
har an yi mata fenti sau biyu.
Na dubi ginshiƙan, balbela uku a kansu,
na yi dariya har ta koma tari.

Sun ce malamar lissafi ce ta fito,
wadda ke haye ruwan nan kullum da takalma a hannu.
Ban ce waliyyiya ce ba.
Kujera tana da nata asirin,
na ga ta haɗiye mutanen kirki da takalmansu.
Amma wannan na san nauyinta a jirgina,
na san ranar da ba ta da ashirin ɗin.
In ta manta mu, Mayu zai sake zagayowa,
ba a ɗaura mana aure da ita ba.

"Kaka, in gada ta zo, me za ka ci?"
Na ce zan hau kanta in jefa fatsa,
in kifar da jirgin kaji su kwana ciki.

Ranar zaɓe tun asuba zan kwance igiya.
Babu kuɗin fito, kowa ya shigo.
Da yamma zan dinga duba yatsu,
mai tawada a farce ya zauna gaba.
Za mu bi ta gefen ginshiƙan a hankali,
don kowa ya ƙirga da idonsa:
ɗaya, biyu, uku,
sai ruwa.